Gwajin da Ke Faɗuwa In Na Shiga Cikin Gida

Akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba a aikin nan, wata Laraba a tsakiyar damina, ina wata na biyar da kama aiki. Tunda kun matsa sai na ba ku labarin, bari in fara da yadda abubuwa suke a lokacin, saboda waɗanda ba su daɗe da zuwa ba.

Mu biyar ne kawai a kamfanin. Injiniya Mustapha ne shugaba, Kabiru ne babban mai rubuta manhaja, ni kuma ƙaramar ma'aikaciya ce da aka ɗauka na wata shida, in an gamsu da ni a tabbatar da ni. Aikin da ke hannunmu na wata ƙungiya ne mai tura wa manoma saƙonnin shawara ta waya da Hausa. Ma'aikatanta suna rubuta saƙonnin ne a cikin edita, manhajar nan da mu ma muke rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta take bi, a cikinta. Sai suka nemi mu yi musu ɗan ƙari da za a liƙa wa editan, abin da muke cewa ekstenshon, ya riƙa taimaka musu da haruffa masu lanƙwasa. In ka buga k' sai ya mayar da shi ƙ. In ya ga kalmar da aka manta lanƙwasarta, kamar kofa a maimakon ƙofa, sai ya ja mata jan layi. In kuma ka ba shi izini, ya bi fayil ɗin gaba ɗaya ya gyara da kansa.

Kabiru ne ya rubuta ekstenshon ɗin, ni kuma aka ba ni gwajinsa. Ga wanda ba ɗan sana'ar ba, gwajin ba wai in zauna ina danne-danne ba ne. Ƙananan shirye-shirye nake rubutawa waɗanda su za su yi danne-dannen. Sai in rufe editan da nake aiki a ciki, in buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, in buga kalma biyu in danna. Daga nan kwamfuta za ta buɗe sabon edita da kanta, ta ɗora masa ekstenshon ɗin, ta buɗe fayiloli, ta yi rubutu, ta duba ko abin da ya fito shi ne abin da ake tsammani. In ta gama sai ta rufe komai, ta goge fayilolin da ta yi aiki da su, ta rubuta sakamako a baƙin allon. Kore alamar gwaji ya wuce, ja alamar ya faɗi. A tsohuwar kwamfutata abin yakan ci minti ashirin. Injiniya da kansa ya kafa doka cewa sai gwajin ya wuce a tawa kafin a miƙa aiki, domin irinta ce ma'aikatan ƙungiyar suke da ita.

Ana saura mako biyu mu miƙa aikin aka yi wa Innarmu aikin ido. Yayyena mata duk suna da ƙananan yara, don haka ni ce zan je in zauna da ita a ƙauyenmu, gaba kaɗan da Gezawa. Na roƙi Injiniya ya bar ni in yi aiki daga can. Ya yarda, amma ya ce, "Binta, in aikin ya tsaya, kin san sai kin dawo ofis." Na ce ba zai tsaya ba.

A gidanmu wuri ɗaya ne sabis yake kamawa sosai, shi ne zauren Baba, kuma a nan batirin sola yake. Baba tsohon hedimasta ne, Hausa ya koyar har ya yi ritaya. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min. Da hantsi ya yi sai abokansa su fara zuwa hira, kuma kun san ba zai yiwu in zauna a tsakiyar dattawa ina ƙura wa kwamfuta ido ba. Sai na tsara abina. In na gama rubutu da safe, in sa gwajin ya fara, in ajiye kwamfutar a kan ɗan teburin Baba tana caji, in shiga ciki in ɗiga wa Inna magani in ɗora girki. In na fito sai in tarar da sakamako.

Ran Litinin na makon ƙarshe na fito na tarar da ja.

Gwajin da ya faɗi shi ne mafi girma. Yana buɗe fayil mai jimlolin shawarar noma da na dasa wa kurakurai goma sha biyu da gangan. Saboda kwamfutar ba ta da sauri, yana jira minti biyu ekstenshon ɗin ya gama dubawa, sannan ya ƙirga jan layi. Sha biyu ya kamata ya samu. Sakamakon ya ce goma ya samu. Na sake sa shi ina zaune a wurin da yamma, bayan baƙi sun tashi, ya wuce lafiya lau. Na ce ƙila tuntuɓe ne.

Ran Talata na sa shi da hantsi na shiga ciki. Na fito, ja, wannan karon takwas. Na sake sawa kafin azahar na je wanke-wanke, na dawo, bakwai.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na shiga zauren hirar ma'aikata a waya, inda kowa yake gani, na rubuta cewa gyaran da Kabiru ya yi ranar Juma'a ya ɓata ekstenshon ɗin. Kabiru mutum ne mai sanyi, amma a kan aikinsa ba ya wasa. Ya kira ni nan take.

"Binta, a tawa yana wucewa. A ta Injiniya yana wucewa. Na sa shi sau shida."

"To a tawa ba ya wucewa, kuma irin tawa ce a hannun mutanen."

"Kina taɓa wani abu yana cikin yi?"

"Ko kusa da ita ba na zama," na ce masa, ina ganin na kawo hujja mai ƙarfi.

Bawan Allah ya ajiye duk abin da yake yi ya shiga farauta. Ya ce ƙila ekstenshon ɗin ba ya gama loda kalmominsa kafin a ƙirga, ya gyara wannan. Ya ce ƙila zafi ne yake sa kwamfutar ta rage gudu, na ɗora ta a kan bulo biyu iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Ya ce in ƙara lokacin jira daga minti biyu zuwa huɗu. Na ƙara, na sa, na shiga ciki, na fito, ta samu uku kacal. Kabiru ya ce tun da ya fara aikin nan bai taɓa ganin cutar da ƙarin lokaci yake tsananta ta ba.

Da yammar Talata Injiniya ya kira. Ba ya ɗaga murya, shi ya sa maganarsa take da nauyi. Ya ce Alhamis za a miƙa aiki, in zuwa Laraba da yamma ba a gano matsalar ba, in kamo hanya in kawo kwamfutar ofis. Na kalli Inna tana kwance da bandeji a ido, ko randa ba ta iya zuwa sai an riƙe mata hannu. Ga shi kuma wata ɗaya ya rage a yanke shawarar ko za a tabbatar da ni. Abincin ranar ban san ɗanɗanonsa ba.

Kabiru ne ya kawo shawarar ƙarshe. Ya ce tunda abin ba ya faruwa ina kallo, in sa kwamfutar ta ɗauki bidiyon allonta yayin da gwajin yake tafiya. Ran Laraba da hantsi na yi hakan. Abin da ban lura ba shi ne manhajar ɗaukar bidiyon tana ɗaukar murya ma. Na fito na tarar da ja kamar kullum, na ji daɗi a karon farko, don yanzu ina da shaida. Ban tsaya na kalli bidiyon ba. Ku riƙe wannan, kada ku taɓa nuna wa shugabanku abin da ba ku fara kallo ku kaɗai ba.

Bayan la'asar Baba ya tafi duba gero, zaure ya zama nawa. Muka haɗu mu uku ta bidiyo, ni da Injiniya da Kabiru, na nuna musu allona na kunna.

Edita ya buɗe, ƙananan gwaje-gwaje suka wuce, babban fayil ɗin ya fito da jajayen layukansa sha biyu cif. Kabiru ya ce, "To ga su nan, sha biyu." Bai rufe baki ba sai muka ji ƙarar jan kujera, sannan wata murya da na sani tun ina cikin zani, muryar Baba.

"Matso nan, Malam Ado, ta fara."

Malam Ado maƙwabcinmu ne, manomi, da rani yakan tafi dam ɗin Watari noman tumatir. Muka ji ya ce, "Ita kaɗai take buɗewa haka?"

"Ita kaɗai. Kuma kullum kuskuren jiya take dawowa da shi. Dubi nan. Wai a ajiye iri a daki. Mene ne daki?"

Muna kallo ɗan tsinken nan mai nuna wurin rubutu ya fara tafiya a hankali, ya wuce kalmar, ya dawo, ya goge harafi ɗaya. Aka buga d', ekstenshon ɗin ya mayar da shi ɗ, jan layin ya ɓace. Baba ya yi shekaru yana buga takardun jarrabawa da tafireta, kuma a tafireta haka suke rubuta masu lanƙwasa. Ashe ranar farko ya gwada yadda ya saba, ya ga ta karɓa.

"Ka gani? In an nuna mata tana ganewa. Riƙewa ce ba ta yi. Ga wani, wai a bar kasa ta sha ruwa. Macijiya ke nan za a shayar."

Jan layi na biyu ya tafi, na uku ya bi shi. Ni dai ina zaune hannuna a baki. Bidiyon ya ci gaba da tafiya.

Malam Ado ya ce, "Yau kana sauri, Malam."

"Jiya ta ƙara min lokaci. Ina jin ta fara sanin darajar gyara. Na koyar da yara masu taurin kai, amma ban taɓa ganin wanda za ka gyara wa abu da hantsi ya dawo maka da shi kafin azahar ba. Uwata kuma tana can tana fama da mahaifiyarta, ba na so in ɗaga mata hankali. In ogansu ya ga wannan rubutun ai sai ya ce ba ta iya aiki ba."

"To wa ya koya wa na'urar Hausa tun farko?"

"Ogan nasu mana. An ce injiniya ne, a birni ya tashi. Ka san 'yan birni, rabin Hausar suke da ita, rabin sun bar ta a makaranta."

Kabiru ya kashe kyamararsa, amma ya manta bai kashe murya ba. Muna jin yadda yake ƙoƙarin danne dariya tana ƙwace masa, har da buga tebur. Injiniya ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Na fara cewa, "Ranka ya daɗe, don Allah ka yi haƙuri, bari in tsayar..."

Ya ce, "Bar shi ya ci gaba."

Gwajin ƙirga ya faɗi kamar yadda ya saba, sai na gaba ya fara. Shi wannan sabon fayil yake buɗewa, ya ba ekstenshon ɗin izini ya gyara komai da kansa, sannan ya gwada abin da ya fito da wani fayil da muke cewa na amsa. Bai taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya. Haruffa suka canza a allo, sai muka ji Baba ya ce, "Yawwa, ga wanda ya fi ba ni haushi. Karanta layi na huɗu."

Malam Ado ya karanta a hankali. "Ka zuba taki a ƙwari kafin ka yi huɗa." Sai ya ce, "A zuba wa ƙwari taki? Su da muke neman maganin kashe su, yanzu kuma kiwonsu za mu yi?"

"Kwari aka rubuta da farko, kwarin kunya, daidai yake. Ita ce ta lanƙwasa shi. Kuma wannan ba ta taɓa bari in gyara ba, da ta ɓata sai ta rufe ta gudu."

Editan ya rufe kuwa. A baƙin allo, gwajin ya fito kore.

Dariyar Kabiru ta tsaya. Injiniya ya ce in mayar da bidiyon baya, na mayar, muka sake karanta layin.

"Kabiru, wa ya ce wa ekstenshon ɗin kwari kuskure ne?"

"Yana cikin jerin kalmomin da na ba shi, ranka ya daɗe. Na ɗauka duk inda aka ga kwari, ƙwari ake nufi."

"Binta, fayil ɗin amsa fa? Wa ya rubuta ƙwari a ciki?"

Da in yi ƙarya gara in faɗi abin kunya. Na ce ban rubuta shi da hannu ba. Na bar ekstenshon ɗin ne ya gyara fayil ɗin sau ɗaya, na ajiye abin da ya fitar a matsayin amsa, ban bi na karanta ba.

Injiniya ya ce, "Da gobe mun miƙa wannan, jibi yana wayar manoma." Ya ce zai kira mutanen ya nemi a ɗaga zuwa Litinin, ni kuma in zauna inda nake. Har zai kashe sai ya ƙara da cewa, "Ki gaida Baba. Ki ce ɗan birni yana neman alfarma ya duba mana sauran kalmomin."

Bayan magariba na kai wa Baba tuwo, na durƙusa gefe, na rasa ta inda zan fara. Daga ƙarshe na ce, "Baba, kurakuran nan da kake gyarawa, ni na sa su da gangan."

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Da gangan, Uwata? Don me?"

"Ka tuna tambayar da kuke yi wa 'yan aji shida, a ba su jimla a ce su nemo kurakuran da ke ciki? To irinta ce. Ina so in ga ko kwamfutar za ta gano su duka. In ka gyara kafin ta ƙirga, sai lissafin ya ƙi fita, a ce ta faɗi."

Ya dube ni, ya dubi kwamfutar da ke kan tebur.

"Wato jarrabawa take yi."

"Eh, Baba."

"Ni kuma na shiga aji na karɓi takardarta ina rubuta mata."

Ya yi salati a hankali. Ya ce duk shekarun da ya yi yana tsaron jarrabawa, ko ɗan cikinsa bai taɓa matsa wa kusa da takarda ba, sai yanzu da furfura. Na ce masa ai gyaran nasa ne ya tone mana babban kuskure, na ba shi labarin kwari, na isar da saƙon Injiniya kamar yadda aka ba ni. Da ya ji kalmar ɗan birni sai ya tsaya.

"A ina ya ji wannan?"

"Kwamfutar tana ɗaukar murya, Baba."

"Duka ya ji?"

"Duka."

Ya gyara zaman hularsa. "To, ba sharri na yi masa ba. Amma ki ba shi haƙuri."

Ran Alhamis da Juma'a, tun bayan karin kumallo, ni da Baba muka zauna a kan jerin kalmomin Kabiru. Ina gangarawa yana karantawa, in ya ga kalma mai fuska biyu sai ya ɗaga yatsa. Baki da baƙi. Kafa da ƙafa. Fada da faɗa. Har kasa ɗin da ya yi wa dariya ya ce a kula, domin in an ce manomi ya kasa taki kashi uku, daidai ne, ba a lanƙwasa shi. Kowace kalma sai ya ba ni jimla biyu, ɗaya ta wannan ma'ana, ɗaya ta waccan, ni kuma in mayar da su gwaji, in rubuta amsar da hannuna. Kabiru ya canza ekstenshon ɗin yadda in ya gamu da irin waɗannan kalmomin ba zai gyara ba, sai ya tambayi mai rubutu wanne yake nufi. Na koma zauren hirar ma'aikata, inda na zarge shi a gaban kowa, na ba shi haƙuri a gaban kowa. Ya amsa da cewa ya yafe, amma kwana biyun da ya yi yana farautar Baba a cikin kod ba za su dawo ba.

Shi ne kuma ya nuna min yadda ake sa gwajin ya gudana a allon da ba a gani, yadda edita zai buɗe ya yi aikinsa ba tare da ya fito fili ba, balle hannun wani ya kai gare shi. Ran Asabar na sa shi a haka. Baba ya leƙa ya ga baƙin allo kawai da layuka suna fitowa.

"Ina takardar?"

"Tana nan, Baba, an dai rufe ajin."

Ya ce haka ya kamata tun farko. Duk da haka da na leƙo daga cikin gida na gan shi zaune a gaban teburin, hannuwansa a naɗe. Malam Ado ya shigo ya miƙa hannu zai matsar da kwamfutar ya ajiye goronsa, Baba ya tare shi ya ce, "Bari ta gama tukuna."

Ta gama, komai kore. Muka miƙa aikin ran Litinin. Na zauna da Inna har aka cire mata bandeji, wata na cika kuma aka tabbatar da ni.

Abin da na ɗauka daga wannan mako ba shi da yawa, amma ya zauna min. Jan da ya hana ni cin abinci kwana uku ba komai ba ne, dattijo ne yake taimakon 'yarsa. Koren da na amince da shi ban taɓa waiwayarsa ba, shi ne yake ɗauke da ɓarnar. Kwamfuta ba ta san daidai ba, abin da ka ce mata shi ne daidai kawai take bi, in ka ba ta amsar banza za ta tabbatar maka da ita sau dubu ba ta gaji ba. Kuma kafin ka ɗora wa abokin aiki laifi a gaban jama'a, ka fara tashi ka je ka ga abin da ke faruwa a ɗakin da na'urar take.

Shi ya sa duk wanda ya kawo min koren sakamako a cikinku nake sa shi ya buɗe fayil ɗin amsa ya karanta min da baki, jimla bayan jimla. Na san abin da kuke cewa a kaina in na fita. Ku ci gaba da faɗa, amma ku karanta.